Wanda Ba a Ga Gawarsa Ba

Kwanakin baya jikokina suna zaune gaban talabijin bayan La'asar, suna kallon zanen nan na Japan da ake juya maganarsa zuwa Larabci. Wani yaro mai manyan idanu ya faɗo daga kan dutse cikin teku, sai ƙaramarsu ta fashe da kuka. Na ce mata, "Share hawayenki, bai mutu ba. Zai dawo, kuma sai ranar da abokinsa ya shiga uku zai dawo." Da ya dawo ɗin sai suka rufe ni da tambaya, wai a ina na taɓa kallo. Ban taɓa kallo ba. Wani Bajapane ne ya nuna mini yadda labaran ƙasarsu suke tafiya, a nan Makka, tun ba mu san talabijin ba, a bayan takardar buhun siminti. Amma ba zan iya ba da labarinsa ba sai na fara da ƙanena Haladu.

Sunana Isyaku. Mu biyu muka fito daga ƙauyenmu a ƙasar Kazaure, ni da Haladu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mun yi tsinkar auduga a wajen Madani cikin Sudan har hannuwanmu suka tsattsage, sannan muka gangara Sawakin, bakin Bahar Maliya. A can muka gane cewa babban jirgi ba ya ɗaukar wanda ba shi da takarda, mu kuwa ba mu da ita. Muna zaune a inuwar wani rusasshen gida sai ga wani dillali, Hausarsa tas kamar jiya ya baro Kano. Ya kira mu 'yan'uwa, ya saya mana shayi, ya ce ya san mai jirgin katako da ke tafiya da iska, sambuk suke ce masa, wanda zai sauke mu a Jidda ba tare da kowa ya tambaye mu komai ba. Muka kwance abin da muka tara muka ba shi.

An cusa mu cikin jirgin kamar awakin kasuwa, maza da mata da tsofaffi. Ruwan sha ya yi ƙaranci tun tafiya ba ta yi nisa ba. Wata asuba jirgin ya tsaya nesa da gaɓa, mai jirgi ya nuna wani tudun yashi ya ce Jidda tana bayansa, mu sauka mu taka. Muka shiga ruwa har ƙirji, kaya a ka. Da muka hau tudun, babu gida, babu bishiya, babu ko sawun akuya. Muka waiwaya, jirgin ya riga ya juya.

Muka bi gefen teku muka nufi arewa, don wani dattijo Babarbare da ke cikinmu ya ce can alƙibla take. Wani abu mai kaifi ya yanke ni a tafin ƙafa lokacin da muke fitowa daga ruwa, kafin wani lokaci ƙafar ta kumbura ta yi suntum. Ƙishirwa ta fara kayar da mutane. A wannan hali wasu mutane a kan raƙuma suka ɓullo. Suka ce akwai rijiya kusa, amma a ba su samari masu ƙarfi su ɗauko salka. Na yunƙura zan tashi, Haladu ya danna kafaɗata.

Ya ce, "Yaya, ƙafarka ta kumbura. Zauna, yanzu zan dawo."

Shi da wasu samari biyu suka bi raƙuman. Na bi su da kallo har tudu ya shanye su. Muka jira rana ta faɗi, muka jira ta sake fitowa. Dattijon nan ya ce duk wanda ya ƙara wuni a nan kabarinsa ke nan. Na ce ni ba inda za ni. Maza biyu suka kama ni, ɗaya a kowace hammata, suka ja ni. Ina kiran sunan Haladu har muryata ta ɗauke. Ba dukanmu muka isa garin farko da ke da rijiya ba.

Ranar da na fara ganin Ka'aba na yi kuka kamar kowa. Amma ko a cikin ɗawafi, rabin idona yana kan fuskokin mutane. Aka gama aikin Hajji, waɗanda muka zo tare suka fara neman hanyar gida. Ni na ce ba zan koma in tsaya gaban mahaifiyarmu ni kaɗai ba. Kuma na san idan Haladu ya kuɓuta, Makka zai nufo.

Na yi dako a kasuwa. Na ɗauki tsofaffin alhazai a kan makara ta katako ana zagaya Ka'aba da su. Na kwana a baranda, na kwana a gindin bango. Duk baƙin mutum da na hango daga nesa sai na bi shi har in ga fuskarsa. Wani mutum da ya ji ina cigiya ya rantse mini ya ga saurayi mai kamar Haladu yana ban ruwa a wata gona a Ɗa'ifa. Ya ce in ba shi guzuri ya je ya zo da shi. Na ba shi duk abin da ke ɗamarata, har da bargona. Ban sake ganinsa ba.

Wadda ta tsince ni ita ce Iya Asabe, wata tsohuwa mai koko da waina a unguwar Hindawiyya. A Makka aka haife ta, iyayenta Sakkwatawa ne, maganarta rabi Hausa rabi Larabci. Ta lura kullum ina sayen koko ba tare da waina ba, wata safiya ta tura mini faranti gabana.

"Kul, ya waladi. Ci. Ba a yin dako da ruwan koko."

Ta ba ni wata rumfa a bayan gidanta, wadda aka yi da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka daddale. Da rana kamar tanda take, amma tana da ƙyaure. Da ta ji labarina sai ta ce, "Wanda ya shiga hannun mutanen raƙuma, sai dai addu'a. Ka haƙura, ka nemi abin yi." Na ce to, amma ban haƙura ba.

Ana cikin haka aka fara aikin faɗaɗa Harami. Ana rushe gidajen da ke kewaye, ana neman majiya ƙarfi. Na samu shiga cikin masu sauke siminti daga mota. Lebura iri-iri ne a wurin, Yamalawa, Takari, wato baƙaƙen da suka fito daga ƙasashenmu, mutanen Hindu, mutanen tsibirin Jawa. Idan aka tashi hutun tsakar rana kowa sai ya nemi 'yan ƙasarsu, a zauna a da'ira ana ci ana hira. Ni na gaji da zama cikin namu, don kowa ya san labarina, kuma sun gaji da jinsa. Sai in koma can gindin wani bango in ci gurasata ni kaɗai.

A gindin bangon nan akwai wani da yake riga ni zama. Gajere ne, siriri, furfura ta fara cin kansa. Aikinsa tattara buhunan siminti da aka juye, ya kakkaɓe, ya yanka, ya kai wa masu kanti suna ƙunshe kaya. Kowa ya ɗauka mutumin Jawa ne, sai dai ba ya zama cikinsu. Mun daɗe muna zama kusa da juna, ba abin da ke haɗa mu sai sallama.

Wata rana ya miƙo mini guntun takarda. Na duba, sai na ga mutum ɗauke da buhu, ƙafafunsa sun lanƙwashe, ga ɗigon gumi ɗaya a gefen kansa wanda ya fi kunnensa girma, ga wasu layuka a bayan dugadugansa kamar iska na kora shi. Hancin nawa ne, har da tsagar da ke kumatuna. Dariya ta ƙwace mini, irin wadda rabona da ita tun Sawakin. Sai kuma na tuna inda nake, na ce masa, "Haram." Ya gyaɗa kai, ya karɓa, ya murje zanen da tafin hannu har ya zama baƙin tabo. Washegari ni da kaina na ce ya sake yi mini wani.

Sunansa Haji Idrisu. Larabcinsa na dako ne irin nawa, muna haɗawa da hannu da ido. Larabawa suna ce mini Is'haƙ, shi kaɗai yake faɗin sunana kamar a gida, Isyaku, don ashe harshensu ma ba ya son kalma ta ƙare a bushe. Ya ce shi ba mutumin Jawa ba ne, daga Japan yake, wani birni da ake kira Osaka. Kafin babban yaƙi sana'arsa yawo da keke unguwa-unguwa, da akwatin katako a baya. Yana sayar wa yara alewa, wanda ya saya ya tsaya a gaba, wanda bai saya ba ya leƙa daga baya. Sai ya riƙa zaro hotuna ɗaya bayan ɗaya daga cikin akwatin, yana ba da labari yana canza murya. Ya kuma yi zane a wasu ƙananan littattafai da suke kira manga, inda hoto ne ke ba da labarin, rubutu ɗan kaɗan ne. Daga baya aka ɗauke shi soja aka kai shi Jawa. Da yaƙi ya ƙare bai hau jirgin komawa ba. Ya auri wata 'yar can, ya musulunta, suka zo Hajji tare. Zafi ya kayar da ita a Mina, aka binne ta. Shi kuma ya kasa tafiya ya bar ta.

Ya ce, "Na daɗe ban ba kowa labari ba. Kana so?"

Ya shimfiɗa takarda, ya raba ta gida-gida kamar malami zai zana hatimi. Ya nuna mini da yatsa cewa daga dama ake farawa a yi hagu, yadda muke karatun allo. Wannan kaɗai ya sa na ji abin ba baƙo ba ne. Da gawayi ya zana wani yaro maraya. Wani mugu mai rufaffiyar fuska ya ƙone ƙauyensu, yaron ya hau dutse neman wani gwanin takobi da ake labari. Ya tarar da wani tsoho malalaci yana barci a rana yana sosa ciki.

Na ce, "Wannan ba shi ba ne."

Haji Idrisu ya ce, "Shi ne. A labaranmu, malamin gaske ba ya kama da malami."

Tsohon bai ba yaron takobi ba. Ya sa shi ɗebo ruwa daga gindin dutse zuwa sama, rani da damina. Yaron yana faɗuwa yana tashi, ana zana masa irin ɗigon gumina. Na ce a tatsuniyoyinmu mai wayo ne yake cin nasara, ya yaudari mai ƙarfi ya gudu. Ya ce a nasu mai naci ne, wanda za a kayar sau goma ya tashi da jini a baki ya ce a sake. Ya ce yara suna so su ga wahalar da aka sha kafin a iya, in ba haka ba ba za su yarda da nasarar ba.

Daga nan aka shigo da wani saurayi ɗan masu hali, mai girman kai, gashinsa ya rufe ido ɗaya. Ya lallasa marayan a gaban mutane. Bayan wata da watanni na ɗebo ruwa suka sake haɗuwa, marayan ya kayar da shi, ya ɗora masa takobi a wuya, sai kuma ya miƙa masa hannu.

Na ce, "Haba! Me ya hana shi gamawa da shi?"

Ya ce, "In ya kashe shi, da wa zai yi tafiya? Abokin gaba na farko shi ne aboki na ƙarshe. Kullum haka ne."

Haka ya riƙa buɗe mini dokokin abin ɗaya bayan ɗaya, ba don ya koyar da ni ba, sai don ina yawan gardama. Duk mugun da aka kayar, akwai wanda ya fi shi a gaba. Kafin mugu ya faɗi sai an koma baya an nuna shi yana yaro, an nuna abin da aka yi masa, har ka rasa ko murna za ka yi. Jarumi ba ya sara sai ya kira sunan saran da ƙarfi. Na ce wannan wauta ce, ai ka gaya wa abokin faɗa abin da za ka yi. Ya yi dariya har da tari, ya ce yara ne ke so, don su ma su yi ihun a hanyar gida.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inda yake tsayawa. Takobi yana sama, ko gada ta fara tsinkewa, sai ya ajiye gawayi ya ce, "Bukra." Gobe ke nan. In yi ta roƙo, ya ƙi. Ya ce yaron da ya ƙoshi da labari ba ya sayen alewa washegari. Ni kuwa ba alewa nake saya ba. Rabin gurasata nake tura masa, shi ya tura mini ɗan busasshen barkonon Jawa. Amma na lura da wani abu: tun da na zo Makka, sai a lokacin na fara kwanciya ina ɗokin wayewar gari.

Wata rana ɗaya daga cikin masu yawo da sanda suna kora mutane salla ya biyo ta bayan bangon. Ya ga takardun a shimfiɗe. Ya yayyaga su, ya sauke wa Haji Idrisu sanda a bayan hannu, ya ce a gefen ɗakin Allah ake zana masu rai? Haji Idrisu ya sunkuyar da kai. Ni ma raina bai kwanta da zanen ba tun farko, don haka ban kare shi ba. Bayan kwana biyu Haji Idrisu ya zo da ƙusa. Ya riƙa zanawa a ƙasa, gida ɗaya, in na gani ya share da ƙafa ya zana na gaba. Shi ya sa ba ni da ko guntun zanensa da zan nuna wa wani.

A cikin waɗannan kwanaki na ba shi labarin Haladu. Ya saurara har na gama, bai ce in yi haƙuri ba. Bayan kamar mako guda, a cikin labari, mai rufaffiyar fuska ya ritsa abokan nan biyu a ƙololuwar dutse. Marayan ya ji rauni a ƙafa. Abokin ya tura shi bayan wani dutse ya ce ya zauna, shi ya fita ya tare mugun. Gida na gaba, ga shi yana faɗawa teku.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Na ba ka sirrina ka mayar da shi wasan yara?" Na tafi. Na daina zuwa gindin bangon.

Ranar Juma'a da hantsi ina cikin rumfa sai na ji Iya Asabe tana kira, "Ya Isyaku, ta'al, zo, ga wani baƙo kamar Bajawe yana ta faɗin sunanka." Na fito na same shi a tsugune gaban tukunyarta, yaran unguwa sun kewaye shi, ta riga ta cika masa ƙwarya da koko. Ya bi unguwar Takari gida-gida yana tambaya har ya same ni.

Ya ce, "Isyaku, abokin nan da ya faɗa teku. Ka ga gawarsa?"

Na ce, "A'a."

"Na zana an wanke shi? Na zana kabari?"

"A'a."

"To. A labaranmu, wanda ba a ga gawarsa ba bai mutu ba. Ko yaron da bai sayi alewa ba ya san wannan. Kai ne ka tashi kafin in ce bukra."

Na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Tun da abin ya faru kowa haƙuri yake ba ni, shi ne mutum na farko da ya ce mini mai yiwuwa ne. Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Na koma bin fuskoki a kasuwa, na koma tare ayarin da ya fito daga kudu ina tambaya.

Ƙurar siminti ta daɗe tana cin ƙirjinsa. Da sanyi ya shigo tarin ya tsananta, har ya daina zuwa aiki. Na same shi a wani gidan waƙafi na mutanen Jawa a unguwar Masfala, a ɗaki ɗaya da wasu tsofaffi, kwance a kan tabarma. Kullum in an tashi aiki sai in biya da kunun da Iya Asabe ta dama masa. Wata La'asar ya kama hannuna.

Ya ce, "Isyaku, ka yafe mini. Maganar da na gaya maka a gidan tsohuwa, dokar labari ce. Mu muka ƙirƙire ta don yara su dawo gobe. Na je yaƙi. Na san mutane da yawa da ba a ga gawarsu ba, kuma sun mutu."

Na ce, "To me ya sa ka gaya mini?"

"Na ga kana bushewa a tsaye."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce a ƙasarsu idan soja ya ɓace, hukuma tana aika wa uwarsa ɗan farin akwati. Wani lokaci ba komai a ciki sai dutse. Ya ce ya tabbata an kai wa tasa uwar. "Ni ma ba a ga gawata ba," in ji shi.

Na ce, "To ka koma mana, Haji! Ka ga kai ne za ka tabbatar da dokar."

Ya girgiza kai. "An ƙone birninmu da wuta daga sama. In na koma na tarar ba kowa fa? Ina nan, ina iya cewa suna can."

Sai na ce ya ƙarasa mini labarin. Bai nemi ƙusa ba. Ya faɗa da baki, a gajarce: takobin marayan zai karye a gaban mai rufaffiyar fuska, sai a ga wata inuwa a bakin ƙofa, abokin ne, da tabo a fuska, masunta ne suka tsamo shi. Na ce sai kuma me? Ya ce bai sani ba. Bai taɓa kai labari ƙarshe ba, don ranar da ya ƙare ranar sana'a ta ƙare.

Bai kai Juma'a ta gaba ba. Aka yi masa salla a Harami cikin gawawwakin ranar, muka ɗauke shi zuwa maƙabartar Ma'alla, ni da wasu tsofaffin Jawa da ba su san sunansa na ainihi ba. Ni ma ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Washegari da tsakar rana na je gindin bangon na zauna, na kasa cin gurasar.

Daga nan na daina bin fuskoki. Na bar aikin siminti, na koyi tsire wurin wani Bazazzagi a unguwar Zahir, abin da Larabawa ke ce wa sire suna rububinsa. Iya Asabe ta aurar mini da 'yar ƙanwarta, Hauwa. Duk shekara lokacin Hajji sai in kafa tukuba a Mina.

A Hajji na uku bayan rasuwar Haji Idrisu, ranar jifa ta biyu, ina fama da wuta da hayaƙi, wani mutum ya sayi tsinke biyu. Ya tsaya a gefe ya cinye, bai tafi ba. Baƙi ne, ramamme, sanye da zane irin na masuntan kudu, haƙoransa na gaba babu. Na ɗauka ƙari yake so ba shi da hali, na miƙa masa wani tsinken. Bai karɓa ba. Ya dubi ƙasa, wajen ƙafafuna, ya yi magana da wata Hausa mai nauyi kamar an daɗe ba a buɗe ta ba.

"Yaya, ƙafar ta warke?"

Ba mu rungumi juna ba. Tsinken ya faɗi cikin wuta, na tsaya ina kallonsa yana ƙonewa. Sai da wani mai saye ya daka mini tsawa sannan na dawo hayyacina. Na bar wa abokin aikina tukubar, na ja Haladu bayan wani tanti muka zauna a kan duwatsu.

Labarin bai fito a jere ba, kuma rabinsa da Larabci ya faɗa. Babu rijiya. An ɗaure su, an raba su, shi aka kai shi bauta cikin duwatsu, yana kiwon awakin wani ubangida. Haƙoran a gudunsa na farko ya rasa su. A na biyu ya isa bakin teku, wani masunci a garin Ƙunfuda, can kudu, ya ɓoye shi a cikin jirginsa. Ya zauna a can, ya auri wata Batakariya, suna da 'ya'ya biyu. Ya daɗe yana jin tsoron zuwa Makka, kada ya haɗu da wanda ya san ubangidansa. Sauran samarin biyu bai san inda suka ƙare ba.

Na kai shi Hindawiyya. Hauwa ta yi tuwo da miyar kuka, Iya Asabe tana ta kuka tana hamdala. Ya ci kaɗan, ya ce cikinsa ya saba da shinkafa da kifi. Na yi ta kawo hirar gida, sunayen abokanmu, gonar bayan rafi. Wani ya tuna, wani ya yi murmushi kawai. Sau da yawa sai kowa ya koma kallon tabarma. Na ce ya ɗauko iyalinsa su dawo Makka, ga rumfa, ga sana'a. Ya ce teku ya iya, kuma a cikin taro ba ya iya barci.

Na raka shi tashar motocin kudu. Ya riga ya hau bayan motar, ya zauna a kan buhuna, sai ya sunkuyo.

"Yaya, in ka samu mai zuwa gida, ka ce a gaya wa Inna ina cinikin kifi. Kada ka faɗi ɗaya labarin."

Na ce, "Ba zan faɗa ba."

Haka na aika. Haladu bai sake zuwa Makka ba. Amma duk shekara wani direba yakan tsaya a bakin unguwa ya aiko a kira ni, ya sauke mini ƙunshin busasshen kifi a cikin tabarmar kaba. Ni kuma in ba shi yajin tsire da turmin yadi ya kai. Mun yi shekaru masu yawa a haka. Na yi ta cewa zan je, sana'a da 'ya'ya suna riƙe ni.

Shekarar da direban ya zo hannu wofi, ban bari ya gama magana ba, na shiga gaban motarsa. A Ƙunfuda wani saurayi dogo ya tarbe ni a bakin teku, yana gyaran koma. Ya sumbaci kaina ya kira ni ammi, wato baffa. Ya ce sunansa Is'haƙ. Ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya kai ni maƙabarta ya nuna mini kabarin babansa, wani tudun yashi da dutse a kansa, muka yi addu'a. Da muka dawo ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar jirgi, ya kawo shayi, ya zauna a gabana ya naɗe ƙafa.

Ya ce, "Ammi, babana bai taɓa gaya mana daga inda ya fito ba. In mun tambaya sai ya tashi ya tafi wajen jirgi. Yaya garinku yake?"

Na ajiye kofin. Na fara masa tun daga ƙofar gidanmu, da Larabci, har aka kira Magariba ban kai rafi ba.